Abin da Kawu Yaji Ya Zuba a Shayi

Ina tsugune a tsakar gidan Kawu Yaji ina gaishe shi lokacin da ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro 'yar kwalbar. Da farko ban gane ta ba, na ɗauka irin kwalbar turaren nan ce da direbobi ke yawo da ita. Sai da ya kwance murfin, ya karkata ta a kan kofin shayinsa, ya ƙwanƙwasa gindinta da yatsa, farar hoda ta zuba, sannan na lura da baƙin murfin da farin zoben da ke cikinsa. Babu mai sayar da irin waɗannan kwalabe a kasuwar Potiskum. Ni na saye su a Kano, ni na wanke su, ni na cika su.



"Kawu, mene ne wannan?"

"Maganinki mana, Likita." Ya juya shayin da cokali. "Kin iya. Wallahi kin iya."

Kafin in kai hannu ya kurɓa.

Ni ba likita ba ce, kuma abin da ke cikin kwalaben nan ba magani ba ne. Sunana Hanatu. Kemistiri na karanta, a lokacin ina tsakiyar digiri na biyu a Kano. A cikin hanjin mutum akwai wani sinadari da muke kira enzayim, aikinsa shi ne ya ƙarasa yanyanka sitacin tuwo da shinkafa ya mai da shi sukari, sukarin ya wuce cikin jini. Idan aka samu abin da zai daƙile shi, sukarin zai riƙa shiga a hankali maimakon ya afka gaba ɗaya bayan cin abinci, wannan kuwa sauƙi ne babba ga mai ciwon sukari. Aikina shi ne in haɗa sababbin sinadarai da muke fatan za su yi wannan daƙilewar.

Ana zuba abubuwa biyu a kwalbar dafuwa mai zagayayyen gindi, a ƙara ruwan sinadarin itanol, a ɗora a wuta ta yi ta tafasa tun safe har la'asar. Idan wutar lantarki ta ɗauke, a zauna a jira. Bayan ya huce sai ka ga wasu ƙananan abubuwa kamar allurai sun fito a gindin kwalbar, wasu farare, wasu ruwan ɗorawa. A tace, a wanke, a sake narkarwa, a sake tacewa. Ɗaya daga cikin abubuwan da nake farawa da su, haidirazin, guba ne mai lalata hanta, sai da safar hannu da takunkumi ake taɓa shi. Babu wanda ya san ko na wanke shi tas daga abin da na haɗa, babu kuma wanda ya san abin da haɗin kansa zai yi wa jikin mutum. Ko ɓera ba a taɓa ba wa ba. Shi ne ƙanin mahaifiyata ke zubawa a shayi yana yaba mini.

Kawu Yaji mutumin Gadaka ne, a can aka haife su shi da Mama. Tun yana saurayi ya gudu daga gona ya biyo wata babbar mota zuwa Potiskum, ya zama karen mota a tirelar da ke kai shanu kudu. Ya kwana a saman katako bisa ƙahonin shanu daga nan har Legas sau ba adadi kafin a ba shi sitiyari. Gajere ne, kakkaura, mai ƙatuwar murya, kuma har yau in ya yi Hausa za ka san daga inda ya fito. A zamanin tirela babu wanda ya kai shi son zaƙi. Masu shayin tasha sun san shi, suna cewa in ka tsayar da cokali a kofin Yaji ba zai faɗi ba. Rake kuwa dami yake saye ya ajiye a bayan kujera.

A hanyar Legas ciwon ya nuna kansa. Ya riƙa tsayar da mota yana sauka fitsari har mai shanun ya fusata, ya tambaye shi ko direba ya ɗauka ko tsohuwa. A wata tsayawa yaron motarsa ya nuna masa tururuwa sun yanyame inda ya tsuguna. Da suka dawo aka auna shi, aka gaya masa ciwon sukari ne. Ya ce ya yi kuka a ranar, ba don tsoron mutuwa ba, don shayi.

Bayan wasu shekaru tafin ƙafarsa ya fara mutuwa, ba ya jin birki sosai, sai ya bar tirela ya koma jan ƙaramar mota tsakanin Potiskum da Kano. A nan ya yi suna da kai saƙo. Daddawa, takardun makaranta, kayan aure, maganin tsofaffi, duk abin da ka ba Yaji zai isa yadda ka ɗaure shi. Yana alfahari da cewa bai taɓa buɗe saƙon mutum ba, ko da yana wari.

Ƙwayoyinsa yakan saye su a shagon wani mai kemis da ake kira Jerome, kusa da tasha. Shekara da shekaru suna tare, Jerome ne ma ke yi masa faɗa idan ya gan shi da lemon kwalba. Amma Kawu bai taɓa yarda cewa ƙwaya kaɗai za ta isa ba. A wurinsa ciwon zaƙi ɗaci ne maganinsa. Ya sha shuwaka, ya sha garafuni, ya sha ganyen darbejiya da ɓawon maɗaci, duk abin da fasinja ya ce masa yana da ɗaci sai ya nemo. Da gari ya rikice aka fara bin mutane har shagunansu, Jerome ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu. Kawu ne ya kai su Jos. Daga nan ya riƙa sayen ƙwaya a duk inda ya samu, wata ta yi aiki, wata kamar alli ya haɗiya.

Shi ya kai ni Kano ranar da na fara jami'a, akwatina a saman mota, ni a gidan gaba. Kafin mu kai Azare kowa a motar ya san cewa 'yarsa za ta zama likita. Na gyara masa, na sake gyara masa, har na gaji. Lokacin da na zaɓi abin da zan yi bincike a kai, na gaya masa saboda shi na zaɓa. Gaskiya ce. Ban san zai riƙe maganar haka ba.

A shekarar da aka kafa dokar ta-ɓaci aka yanke sabis ɗin waya a jiharmu, na dawo gida hutu da kwalabena a cikin jaka, don ba na son barin su a ɗakin gwajin da zai kasance a kulle babu wuta. Ban daɗe da dawowa ba aka yi harbi a kasuwa ina ciki. Na kwanta a ƙarƙashin teburin wani mai atamfa tare da wata mata da ban sani ba, tana ta matse mini hannu. Ba abin da ya same ni. Amma tun daga ranar na daina wuce bakin layinmu sai da rakiya, kuma in an buga ƙofa da ƙarfi sai in zabura. Yanzu ma da nake rubutun nan abin bai daina gaba ɗaya ba.

A waɗannan watanni Kawu ne wayar unguwarmu. Mutane sukan rubuta saƙonsu a waya su ba shi, ya zuba wayoyin a jakar buhu. Da ya shiga ƙasar Bauchi inda akwai sabis sai ya tsaya a gindin wata bishiya ya kunna su ɗaya bayan ɗaya, saƙonni su tafi, wasu su shigo, washegari ya dawo wa kowa da tasa. Ta haka saƙon malamina, Dokta Jang, ya same ni. Ya ce wani abokin aikinsa zai fita waje, inda ake da na'urorin da za su duba ainihin abin da na haɗa su kuma gwada shi a kan enzayim ɗin, in aiko da kwalabena da wuri. Na kasa shiga mota. Na jera su a gwangwanin madara, na cusa auduga, na ba Kawu. Ya dawo ya ce ya kai, Dokta ba ya nan, matarsa ta karɓa. Na yi masa godiya, na koma ɗaki.

Sai ga shi yau, fiye da mako da yin haka, ina kallon maƙogwaronsa yana motsi.

Na fizge kwalbar daga hannunsa. Ban taɓa fizgar wani abu daga hannun babba ba. Na juya ta ina neman 'yar takardar da na liƙa na rubuta lamba, babu.

"Ina takardar da ke jiki?"

"Gumi ya ɓata ta, ta yi baƙi, na ɓare. Ke lafiya?"

"Tun yaushe kake sha?"

"Tun da na dawo. Safe da dare, kafin abinci, ɗan kaɗan kamar gishiri."

"Ƙwayoyinka fa?"

"Na ajiye su. Ina ni ina allin mutane, ga na gida?"

Saura kaɗan a gindin kwalbar. Cikin abin da na aika akwai farare da yawa, kuma a ido duk ɗaya suke. Na ce masa ya gaya mini komai daga farko, kada ya tsallake ko ɗaya. Ya gyara zama, don Kawu na son a ce ya ba da labari.

Ya ce a wani shingen bincike ne bayan an fita gari. Aka sauke fasinjoji kamar kullum, suka taka da ƙafa hannu a sama. Wani jami'i ya buɗe but ɗin motar, ya ci karo da gwangwanin.

"Yaro ne, Likita, bai kai ki ba, bindigar ma ta fi shi nauyi. Yana buɗewa ya ga kwalabe da hoda sai ya yi baya da tsalle, ya kwarma ihu. Kafin in ce wani abu an zagaye ni. Aka ce in durƙusa. Ni da gwiwar nan tawa."

"Ka durƙusa?"

"Da me zan yi, rawa? Na ce musu maganin sukari ne, 'yata ce ta haɗa a jami'a. Babbansu ya zo, ya ɗaga kwalba ɗaya yana kallo a rana. Ya ce, Baba, idan magani ne, sha mu gani."

Na rufe idona.

"Na ce ba komai. Na zaɓi mai ruwan ɗorawa, na dangwala yatsa na lasa. Kai! Ɗaci har ƙeya. Maɗaci ƙarya yake yi. A nan na san kin yi karatu. Suka ga yadda na yamutsa fuska suka fashe da dariya. Babban nasu har ya ce mahaifiyarsa na da sukari, in ba shi ɗaya. Na ce a'a, ranka ya daɗe, amana ce."

"Amana ce, amma kai ka ɗauka."

Ya kalli kofinsa.

"Ba ni na buɗe ba, su suka buɗe. Da na isa Kano na ga ga su nan da yawa a jere, za a kai wa Turawa. Na ce Turawa sun fi ni ciwo ne? Ke da bakinki kika ce don ni kike yi. Na so in ɗauki mai ɗacin, amma 'yar kaɗan ce a ciki, na ji kunya. Sai na ɗauki wadda ta fi cika."

 Na matsa kusa, na ce ya kalli sama, na ja fatar idonsa ƙasa da yatsana ina neman rawaya, alamar hanta ta taɓu.  Idon ja ne irin na direba, ban ga rawaya ba. Na tambaye shi fitsari, na tambaye shi amai, jiri, ciwon gefen ciki, ƙaiƙayi. Duk ya ce babu. Ya ce ƙishirwar da ke damunsa bayan tuwo ma ta ragu.

Matarsa, Inna Sauda, tana bakin murhu tana jin mu. Ta ajiye muciya ta taso.

"Ƙarya yake yi, Hanatu, akwai abu ɗaya."

"Sauda," in ji Kawu.

"Tun da ya fara shan abin nan ɗakin can ba ya shiguwa. Cikinsa kamar ana buga ganga, iska kuwa ba dare ba rana."

"Ke, a gaban yarinya?"

"Likita ce ai, kai ka faɗa. Alwala ba ta zama a jikinsa. Jiya tsakanin Magariba da Isha butar gidan nan ba ta huta ba. Har fasinjoji sun yi ƙorafi, ya ɗora wa wani bawan Allah mai kaji."

"Kajin ma ba su da gaskiya," in ji Kawu, yana kallon gefe.

Inna Sauda ta ci gaba da dariya, ni kuwa wani abu ya faɗo mini. A cikin gwangwanin nan akwai kwalba ɗaya da ba ni na haɗa abin cikinta ba. Dokta Jang ya ara mini hodar wani magani da aka daɗe ana ba masu ciwon sukari a asibiti, akarbos, wanda da shi ake auna ƙarfin duk wani sabon haɗi. Na juye shi a irin kwalabena na mayar masa tare da sauran. Fari ne, kuma ya fi nawa yawa, don ni ɗan mitsitsi nake samu bayan duk tacewar. Kowane littafi da ya yi maganar wannan magani sai ya ambaci kumburin ciki da iska, saboda sitacin da aka hana narkewa yana gangarawa ƙasan hanji ya yi tsami.

Amma ban yarda da zuciyata ba. Idan ɗaya daga cikin nawa ne kuma yana aiki, shi ma zai iya sa iskar, yana cin hantarsa a ɓoye. Na zauna ina tunanin yadda zan bambance, babu ɗakin gwaji, babu waya, babu wanda zan tambaya.

Sai na tuna abin da ya fi ba ni wahala a shekara biyu. Babu ko ɗaya cikin abubuwan da na haɗa da ke narkewa a ruwa. Na sha zama ina girgiza kwalba har hannuna ya gaji, hodar tana yawo a sama kamar garin alli, sai an nemo wani ruwan sinadari na musamman. Akarbos kuwa narkewa yake kamar sukari. A shayi mai madara ba za a gane ba.

Na ce Inna ta ba ni kofin gilashi da ruwan randa. Ta ɗauko wanda take ajiye wa baƙi, ta ɗauraye. Na fita inda rana take, na zuba ɗan kaɗan daga abin da ya rage, na juya kofin a hankali. Su biyun suka tsaya a kaina. Hodar ta sauka, ta yi kamar hayaƙi, ta ɓace. Na ɗaga kofin ina duba gindinsa, ina duba gefensa. Ruwa garau. Na ƙara wani, shi ma ya tafi.

Na zauna daɓas a ƙasa, kofin a hannuna, kuka ya zo mini da dariya a haɗe. Inna Sauda ta dafa kaina tana cewa, "To, to, ya isa." Kawu ya tsaya yana kallona, sai a lokacin na ga tsoro ya shigo fuskarsa.

"Wai da mutuwa zan yi?"

"Ban sani ba, Kawu. Abin da ya sa nake kuka ke nan, ban sani ba."

Saura mai ruwan ɗorawar da ya lasa, wadda tawa ce babu shakka, saura kuma yawan abin da ya sha babu awo, don shi ma akarbos in ya yi yawa yana taɓa hanta. Na ce sai an duba jininsa. Ya ce gobe. Na san goben Kawu, don haka na ce yau, kuma tare za mu je. Sai da na faɗa na tuna cewa hanyar ta bakin kasuwa take bi.

Muka shiga Keke. Da muka zo daidai layin masu atamfa na sunkuyar da kai ina kallon ƙafafuna. Sai Kawu ya ɗaga murya ya kama gardama da mai Keken a kan wace hanya ta fi kusa, bai bari ba har muka wuce.

Madam Ene ce ke gwajin jini a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke can gefen gari. Mutuniyar Binuwai ce, ta tura mijinta da 'ya'yanta gida ta zauna, ta ce in ta tafi wa zai duba wa masu ciki jini. Ta fi Kawu iya Hausa, kuma ta san shi tun zamanin Jerome. Na yi mata bayani, ta saurara har ƙarshe, sannan ta cire tabarau ta juya kansa.

"Baba Yaji, in an ba ka saƙon man birki, shi ma sha za ka yi?"

"Madam, ai wannan na 'yata ne."

"'Yarka ta ce ka sha?"

"Ba ta ce kada in sha ba."

"Miƙo hannu, kafin raina ya ɓaci."

Ta soke shi a yatsa. Sukarin yana sama, amma bai kai inda ta saba ganinsa ba. Kawu ya buɗe baki zai yi magana, ta ce in ya kuskura ya yi murna za ta sa a kwantar da shi. Ta duba fitsari, ta danna masa ƙasan haƙarƙari, ta sake duba ido. Ta ce ba ta ga abin tashin hankali ba, kuma lasa ɗaya a yatsa da wuya ta yi ɓarna, amma hanta ba ta cika yin magana da wuri ba, sai na'ura. Na'urar tana nan a lulluɓe da zane. Sinadarin da take aiki da shi ya ƙare, mai kawo musu ya daina zuwa Yobe.

Ta ɗebi jini, ta juya shi a injin tace jini da hannu saboda babu wuta, ta zuba ruwan saman a 'yar kwalba, ta sa a fulas da ƙanƙara. Ta rubuta takarda ta buga hatimi saboda shingaye. Kawu ya miƙa hannu zai karɓa, ya ce jininsa ne, shi zai kai Kano. Ta ce ba zai taɓa sitiyari ba sai likitansu ya daidaita masa ƙwaya an ga yadda jikinsa ya karɓa. Aka kira Abatcha, abokin aikin Kawu a tasha, wani dogon Babarbare marar magana. Kawu ya miƙa masa fulas ɗin da hannu biyu.

"Ka riƙe takardar da kyau. In suka ce ka ɗanɗana, ka ce kana azumi."

Abatcha bai yi dariya ba, Madam Ene ce ta yi har tana riƙe tebur.

Muka kamo hanyar dawowa. Sai da muka kusa gida Kawu ya juyo.

"Wato farin nan ba naki ba ne."

"Ba nawa ba ne. An daɗe da yin sa, akwai shi ma a ƙwaya. Madam ta ce za ta tambayi likita ko ya dace da kai."

"Amma mai ɗacin naki ne."

"Nawa ne."

"Shi ya fi. Na ji a bakina."

Na yi masa bayani cewa ko da an gwada a can an ga yana daƙile enzayim ɗin a cikin kwalba, saura ɓeraye, saura shekaru masu yawa, kuma yawancin irin waɗannan haɗe-haɗe a hanya suke mutuwa ba su taɓa zama magani ba. Ya saurara yana gyaɗa kai kamar yadda yake yi wa fasinja mai ba shi shawarar hanya. Ya ce to in yi sauri, shi ba yaro ba ne.

Inna Sauda ta karɓe makullin motar ta ɗaure a bakin zaninta. Yanzu kullum da safe nakan taka zuwa gidansu, ni kaɗai, in duba idonsa kafin ya karya. Ya daina gardama, da ya gan ni sai ya ɗaga kai sama da kansa. Idon na nan yadda yake. Yana cin tuwo, yana shan ƙwayar da likita ya rubuta, alwalarsa ta dawo tana zama. Da hantsi yakan tafi tasha da ƙafa ya zauna a benci yana gaya wa matasan direbobi yadda ake ɗaure kaya, suna ce masa to Baba. Ina barci yanzu fiye da da. Wani lokaci dai cikin dare sai in tuna ruwan ɗorawar nan a kan yatsansa, in tashi zaune.

Abatcha ya kai jinin, ya dawo ya ce sun karɓa, sun ce a zo wani zuwan. Ya sake tafiya, a bayansa aka rufe hanya saboda wani abu da ya faru wajen gari, motocin da suka tafi Kano duk suna can. An ce za a buɗe, ba a faɗi rana ba. Sakamakon hantar Kawu yana hannun Abatcha ko yana asibitin Kano, kuma har yanzu ba mu san abin da ke ciki ba.